Wasanni nawa, kuma irin waɗanne, ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo za ta iya ɗauka a shekara?

Tambaya: Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo na dandamali a garin da ba babban birni ba. 'Yan wasanmu na dindindin takwas ne, zaurenmu yana ɗaukar mutum 150. Wasunmu suna son mu taɓa komai, barkwanci da ban tausayi da wasan waƙa da na yara. Wasu kuma suna cewa mu tsaya a kan abin da muka iya. Yaya ƙungiyoyi irin tamu suke zaɓen wasanninsu, kuma ina iyakar abin da za mu iya ɗauka?

Malam, kowane ɓangare da gaskiyarsa, sai dai duk kun fara gardamar daga tsakiya. Kafin a zo kan barkwanci ko ban tausayi, akwai lissafin da ake yi da alƙalami da takarda, kuma shi ne yake yanke rabin hukuncin.

Fara da 'yan kallo. Gidan wasa a babban birni yana iya riƙe nau'i ɗaya ya rayu a kansa, domin kullum baƙi ne a kujerunsa. Wasan Agatha Christie mai suna The Mousetrap tun 1952 ake yin sa a Landan, kuma abin da ya riƙe shi har yau shi ne masu kallon suna sauyawa ko da wasan bai sauya ba. Ku ba ku da wannan gatan. Mutanen da suka zo wasan farko su ne za su zo na biyu da na biyar. Idan kuka nuna wasa sau 12 a zaure mai kujera 150, kujeru 1,800 ke nan kuka sa a kasuwa. Cika kashi 60 cikin ɗari yana buƙatar mutum 1,080. To idan waɗanda suka saba zuwa ba su wuce 600 ba, saura 480 daga ina za su fito? Ko dai ku rage yawan nunawa, ko wasan ya zama irin wanda zai jawo waɗanda ba su taɓa shiga zauren ba. Amfanin sauya nau'in wasa ke nan: kowane wasa a shekara ya buɗe wa wasu mutane daban ƙofa, ba tare da ya kori na gida ba. Saboda haka masu cewa a taɓa abubuwa daban-daban sun fi kusa da gaskiya, amma ba da ma'anar da suke nufi ba.

Sai lokaci. Ƙa'idar da masu ba da umarni suka daɗe suna aiki da ita ita ce kowane minti ɗaya na wasa yana cin kimanin awa ɗaya ta gwaji. Wasan minti 90 yana son awa 90. Idan 'yan wasanku wannan ne aikinsu, suna gwaji awa shida a rana kwana biyar a mako, mako uku ke nan. Ƙara mako ɗaya na haɗa fitilu da sauti da kayan sawa, sannan mako biyu zuwa uku na nunawa. Kowane wasa ya cinye mako shida zuwa bakwai, don haka biyar ko shida a shekara shi ne iyaka, in ana son a bar hutu da gyaran kaya. Idan kuwa mutane ne masu wasu ayyuka da suke haɗuwa da yamma, awa uku sau uku a mako, awa tara ke nan, kuma awa 90 sai an yi mako goma. Irin wannan ƙungiya wasa uku za ta yi a shekara, huɗu in an matsa, kuma na huɗun ya zama gajere.

An taɓa gwada abin da ya fi haka. A Birtaniya, inda gidajen wasa na yankuna suka kafu da irin su Gaiety a Manchesta a 1908 da na Birmingham a 1913, ƙungiyoyi da yawa sun shafe shekaru suna fito da sabon wasa kowane mako. Da safe ana gwajin na mako mai zuwa, da dare ana nuna na wannan makon, haddar kuwa sai tsakar dare. Tsarin ya horar da 'yan wasa masu saurin kama abu, amma mai tuna wa 'yan wasa magana daga bayan labule ya sha aiki, kuma a wancan lokacin talabijin bai gama shiga gidaje ba. Yau mai kallo yana da abin da zai kwatanta ku da shi a aljihunsa.

Yanzu mu zo kan nau'o'in. A kakar wasa mai wasanni biyar, dole a sami ɗaya wanda aikinsa shi ne ciyar da sauran. Galibi barkwanci ne, ko labarin da kowa ya sani, ko wasan da iyali gaba ɗaya za su zo tare. Shi ake sa wa lokacin hutu da bukukuwa, shi ake nunawa sau mafi yawa, kuma a kansa ake kashe kuɗin ado. Gidajen wasa na yankuna a Birtaniya da Amurka da yawa a kan wasan ƙarshen shekara suke dogara don cike giɓin watannin da suka gabata. Kada ku raina wannan wasan ku ba shi darakta mafi rauni saboda wai abin dariya ne. Barkwanci ya fi ban tausayi wahalar gwaji, domin daƙiƙa ɗaya aka makara wajen faɗin magana dariyar ta mutu, kuma 'yan wasa ba sa sanin inda za a yi dariya sai an sa musu mutane a gaba. Ku gayyaci mutum ashirin zuwa talatin su kalli gwaji na ƙarshe, 'yan wasa su koyi dakatawa har dariya ta fara sauka kafin su ci gaba. Wanda ya yi magana a cikin dariya ya zubar da maganarsa, kuma ya koya wa 'yan kallo su riƙa danne dariyarsu don kada wani abu ya wuce su.

Akwai kuma tarko a barkwancin shiga-da-fita, wanda ake ɓoye wani a ɗaki wani ya faɗo ta wata ƙofa. Irin wannan yana son ƙofofi na gaske masu rufuwa da ƙarfi. Idan aka rataya ƙofa a jikin bangon katako mara tokari, duk bugu ɗaya bangon gaba ɗaya sai ya yi rawa, mutane su koma kallon bango. Kowace ƙofa tana son firam nata daban, da tokari biyu a baya, da nauyi a ƙasa. Wasan Michael Frayn na 1982, Noises Off, yana jan hankalin ƙananan ƙungiyoyi saboda tsananin ban dariyarsa, amma yana buƙatar gini mai hawa biyu da za a juya shi gaba ɗaya a nuna bayansa. In dandamalinku ba shi da zurfi da tsawon da zai ɗauki wannan, ku haƙura da shi.

Na biyu shi ne tsohon wasa sananne, musamman wanda makarantu suke karantawa. Yana kawo ɗalibai rukuni-rukuni da rana a ranakun aiki, lokacin da zauren zai zauna babu kowa, kuma sau da yawa ba a biyan kuɗin haƙƙin mallaka a kansa. Matsalarsa yawan mutane da tsawo. Hamlet na Shakespeare ya kai layi kusan 4,000, in ba a datse shi ba ya wuce awa huɗu. Macbeth bai fi rabin wannan da yawa ba, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi suka fi ɗaukarsa. Ɗan wasa yana faɗin kalma 130 zuwa 150 a minti, don haka wasan awa biyu kada rubutunsa ya wuce kalma 16,000 zuwa 17,000, domin shiru da motsi su ma suna cin lokaci. Wajen datsewa, cire reshen labari gaba ɗaya ya fi tsintar layi ɗaya nan ɗaya can. Bayan an datse, a ba wanda bai san labarin ba ya karanta. In ya tambayi ina wane ya shiga, ko wa ya gaya wa wance wannan labarin, an yanke jijiya.

Mutum takwas za su iya yin wasan da aka rubuta wa ashirin, ta hanyar ba kowa matsayi biyu ko uku. Ba sabon abu ba ne: a tsohuwar Girka 'yan wasa uku ne suke raba duk matsayin da ke magana a wasa irin Antigone, ban da rukunin mawaƙa, suna sauya abin rufe fuska. Amma ba a raba matsayi da ka. A zana jadawali, fitowa-fitowa a sama, sunayen mutanen labarin a gefe, a sa alama duk inda wani ya bayyana. Matsayi biyu da ba su taɓa haɗuwa a fitowa ɗaya ba mutum ɗaya zai iya ɗaukarsu. Daga nan a duba tazarar da ke tsakanin fitar na farko da shigowar na biyu. Sauya kaya gaba ɗaya yana cin minti biyu zuwa uku. Da mataimaki a tsaye, da kayan da aka sa wani a kan wani, da maɗauri mai mannewa maimakon maɓalli, ana iya yi cikin daƙiƙa talatin. Takalmi ne yake cin amana, don haka a bar takalmi ɗaya ga duk matsayin in zai yiwu. Abin da aka fi mantawa shi ne hanya: ɗan wasa ya fita ta dama, an rubuta ya shigo ta hagu, kuma babu hanyar wucewa a bayan labule. A auna wannan tafiyar da agogo tun makon farko. Sannan a kula da fitowar ƙarshe, inda marubutan da suke son tara kowa da kowa a dandamali. A nan jadawalin yake karyewa, kuma a nan ne za a yanke shawarar wa za a cire, maganarsa a ba wa.

Wani abin da ake ganowa a makare shi ne rabon maza da mata. Tsofaffin wasanni maza suka cika su. Hamlet mata biyu ne kawai a cikinsa, haka Julius Caesar. Idan rabin ƙungiyarku mata ne, kuka jera irin waɗannan sau biyu, ƙwararrun 'yan wasanku mata za su shafe rabin shekara suna riƙe tire, daga nan su tafi. Ana gyara wannan ta duban shekarar gaba ɗaya: a rubuta sunan kowane ɗan wasa, a tabbatar kowa ya sami babban matsayi aƙalla sau ɗaya. Akwai wasannin da suke daidaita ma'aunin, kamar wasan Federico García Lorca na 1936 game da gidan Bernarda Alba, wanda duk masu magana a dandamali mata ne.

Na uku shi ne ƙaramin wasa mai nauyi, na mutum biyu zuwa biyar, wuri ɗaya, kaya kaɗan. A ganina nan ne ƙaramin zaure ya fi babba, domin mai kallo yana jin numfashin ɗan wasa. Ghosts na Henrik Ibsen, na 1881, mutum biyar ne a ɗaki ɗaya. Sizwe Banzi Is Dead na 1972 da The Island na 1973, waɗanda Athol Fugard ya tsara tare da John Kani da Winston Ntshona a Afirka ta Kudu, 'yan wasa biyu suke ɗaukar kowanne. Woza Albert! na 1981 ma mutum biyu ne da 'yan akwatuna, suna rikiɗa zuwa mutane da dama. Gajerun wasannin barkwanci na Anton Chekhov, irin The Bear da The Proposal, masu magana uku-uku ne, ana haɗa biyu ko uku su cika dare ɗaya. Irin wannan wasan yana da wani amfani na tsari: yayin da mutum biyu suke nunawa da dare, sauran shida suna gwajin babban wasa mai zuwa. Shi ya sa ake jera kaka babba, ƙarami, babba, ƙarami. In aka jera manya biyu a jere, mutanen da suke kan dandamali da dare su ne ake jira a gwaji da safe, zuwa mako na uku muryoyi sun dishe, haddar wasa ɗaya tana kutsawa cikin ɗaya.

Haɗarinsa shi ne babu wurin ɓuya. A wasan mutum biyu, kowa yana ɗauke da rabin rubutun, kuma in ɗaya ya kwanta ciwo wasan ya tsaya. A ba su rubutun wata biyu kafin gwaji, a kuma sa wani na uku ya haddace aƙalla ɗaya daga cikin matsayin.

Wasan waƙa da rawa irin na manyan gidaje kuwa, shawarata ku bar shi har sai kun yi ƙarfi. Gwaji uku ne a cikin ɗaya, na waƙa da na rawa da na magana. Yana son makaɗa, da makirfo a jikin kowane mai waƙa, da wanda ya iya daidaita sauti, kuma haƙƙinsa ya fi na wasan magana tsada. Abin da ya fi dacewa da mutum takwas shi ne wasan magana mai waƙoƙi huɗu ko biyar, waɗanda 'yan wasan za su rera da kansu da kayan kiɗa ɗaya ko biyu.

Wasan yara nau'i ne mai zaman kansa, kada a ɗauke shi wasan manya da aka rage wa tsawo. Minti 45 zuwa 60, babu hutu a tsakiya, domin in aka saki yara ɗari da hamsin mayar da su kujera aiki ne. A fayyace shekarun da aka nufa a jikin sanarwa: abin da zai riƙe ɗan shekara biyar zai gundiri ɗan sha ɗaya, abin da zai burge ɗan sha ɗaya zai firgita ɗan biyar. Kada a kashe fitilu duka a farkon wasa. In ɗan wasa ya yi wa yara tambaya, to ya shirya wa amsa, domin za su amsa, kuma ba lallai abin da ake so ba. Makarantu suna tsara zangonsu da wuri, saboda haka a kai musu takarda zango ɗaya kafin lokaci. Wannan reshen ya zama sana'a sosai tun da gidan wasa na Belgrade a Coventry ya kafa rukunin kai wasa makarantu a 1965. In za a fita da wasan waje, a gina shi daidai motar da za ta ɗauke shi, mutum huɗu su iya kafa shi cikin minti 45, kuma ya yi ma'ana ko babu fitilun dandamali.

Saura sabon wasa, wanda aka rubuta domin ku. Shi ne ya fi wuyar sayarwa, domin ba wanda ya san sunansa, amma shi kaɗai ne abin da mutanenku ba za su samu a wani wuri ba. Alan Ayckbourn ya fara nuna mafi yawan wasanninsa, sama da 80, a ƙaramin gidan wasa na Scarborough, wani gari a bakin teku a arewacin Ingila, yana rubutawa daidai 'yan wasan da ke hannunsa. The Norman Conquests na 1973 wasanni uku ne da mutum shida suke yi, labari ɗaya ana kallonsa daga wurare uku na gida ɗaya. Dabarar ke nan: a gaya wa marubuci tun farko mutum nawa ne, maza nawa mata nawa, wuri nawa za a iya ginawa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara karanta rubutun a zaune a kan tebur, marubuci yana saurare bai sa baki ba. Ya je ya gyara. Sai a karanta a tsaye gaban mutum talatin ko arba'in, a lura da inda suka fara motsi a kujera ko duba waya. Ya sake gyarawa. Bayan haka ne za a sa wasan a jadawali, ba kafin nan ba. Ƙungiyoyi da yawa sun buga sanarwa da sunan wasan da ba a rubuta kashinsa na biyu ba, suka ƙare da nuna abin da bai kammalu ba. A sa ranar rufe gyara, mako biyu kafin buɗewa, a kuma rubuta yarjejeniya: nawa za a biya marubuci, wa ke da ikon canza magana, kuma in wata ƙungiya ta nemi wasan nan gaba mene ne rabonku.

A ƙaramin gari sabon wasa yana da kaifi biyu. Mutane suna gane kansu da maƙwabtansu a ciki, ko da marubuci bai nufe su ba. Wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma abin da yake jawo rigima. A Kenya a 1977 hukuma ta dakatar da wasan Ngaahika Ndeenda da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka shirya da mutanen ƙauyen Kamiriithu, aka kuma tsare Ngugi wa Thiong'o ba tare da shari'a ba. Ba ina cewa ku guji magana mai zafi ba ne. Ku san dokar wurinku game da izinin nuna wasa, ku cire duk abin da zai nuna wani mutum takamaimai, kuma ku yanke shawara tare tun kafin a fara gwaji, kada a bar darakta shi kaɗai da ƙura. Sau da yawa tsohon wasa yana faɗin abin da sabo ba zai iya ba. The Government Inspector na Nikolai Gogol, na 1836, labarin jami'an wani gari ne da suka ɗauki wani matashi ɗan tasha a matsayin mai binciken gwamnati suka dinga cika masa aljihu. Kowa a zauren zai fahimci inda aka dosa, amma marubucin ya mutu tun 1852.

Wannan ya kawo mu haƙƙin mallaka, inda ƙananan ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe. Sayen littafin wasa bai ba ku izinin nuna shi ba, kuma ko kyauta ake shiga ana neman izini. Yarjejeniyar Berne ta sa mafi ƙarancin kariya ya zama tsawon ran marubuci da shekara 50 bayan mutuwarsa, ƙasashe da yawa kuma sun mayar da shi 70. Shakespeare da ya mutu a 1616, Molière a 1673, Chekhov a 1904, Ibsen a 1906, duk sun fita. Amma fassara tana da nata haƙƙin. Ibsen da harshen Norwe ya yi rubutu, don haka fassarar da aka yi shekara ashirin da suka wuce mallakar mai fassarar ce. Ko ku nemi tsohuwar fassara da ta fita, ko ku yi taku daga rubutun da ba shi da kariya. Wasan da ke ƙarƙashin kariya kuwa, fassara shi zuwa harshenku ma sai da izini. Ana nema daga marubucin, ko magadansa, ko kamfanonin da ke wakiltarsu irin su Concord Theatricals da Nick Hern Books. Ƙungiyoyin sa-kai galibi kuɗi tsayayye suke biya a kan kowace nunawa, ƙwararru kuma wani kaso na kuɗin tikiti, yawanci tsakanin kashi 5 da 10 cikin ɗari. Ku nema wata shida zuwa shekara kafin lokaci, kuma kada ku buga sanarwa sai takardar izini ta zo hannu, domin ana iya hana ku in wata babbar ƙungiya ta riƙe wasan a yankinku. Ku karanta sharuɗɗan da kyau. Yawanci ba a yarda a cire layi, ko a mayar da namiji mace, ko a ɗauki bidiyo a sa a intanet ba. Magadan Samuel Beckett sun yi suna wajen tsanani a kan wannan, don haka wanda ya ɗauki Waiting for Godot saboda mutum biyar ne da bishiya ɗaya, ya sani zai yi shi yadda aka rubuta ne. Waƙar da kuka sa kafin a buɗe labule ma tana da masu ita.

Kayan dandamali su ma suna faɗaɗa ko ƙuntata abin da za ku iya. Ƙungiyar da take gina sabon abu daga tushe a kowane wasa kuɗinta a katako yake ƙarewa. A yi jari sau ɗaya: dakali shida zuwa takwas masu girman mita 1.2 da 2.4, wato girman fallen katako, da allunan bango masu tsawo ɗaya, da firam ɗin ƙofa biyu, da taga ɗaya, da matakala, da baƙaƙen labule. Da fenti da sauya jeri, waɗannan za su zama fada a wannan wata, kurkuku a wata mai zuwa. In ana karanta sabon rubutu, a ƙirga wurare nawa labarin yake zuwa. Kowane sauyin wuri da ya wuce daƙiƙa 30 a cikin duhu yana sanyaya zauren, kuma wasa mai wurare goma sha biyu ko dai a yi shi a dandamali kusan fanko, kujera da haske su nuna wuri, ko a bar shi.

Wajen kasafi, kada a yi wa kowane wasa zato ɗaya. Ni zan lissafa wasan da ke ciyar da sauran a kan cika kashi 75 na kujeru, tsohon sananne a kan 60, ƙaramin mai nauyi a kan 45, sabo a kan 35, sannan in ware kashi 10 na kuɗin shekara don abin da ba a zata ba. In jimillar ba ta rufe kashewa ba a kan waɗannan alƙaluma, a canza jerin wasannin, kada a ƙara alƙaluman don takarda ta yi kyau. Bayan shekara ɗaya ku maye gurbin zatona da naku: manajan zaure ya rubuta kowane dare mutum nawa suka shigo, nawa ne zuwansu na farko, da wanda ya gaya musu. Wasan da ya cika rabin zaure da sababbin fuskoki ya yi aikin da wanda ya cika zaure da 'yan gida bai yi ba, kuma ba za ku san haka ba sai an rubuta.

Da mutum takwas da kujera 150, in da cikakken lokaci kuke aiki, ga yadda zan jera shekarar farko. A buɗe da barkwanci na mutum shida zuwa takwas a wuri ɗaya, a nuna sau 14. A bi shi da wasan mutum biyu ko uku, sau 8, sauran suna gwajin tsohon wasan makarantu. Wannan a nuna shi sau 12, rabi da rana. Lokacin hutu a sa wasan iyali, sau 16 ko fiye, da ƙaramin sigarsa na mutum huɗu da zai zagaya makarantu daga baya. Sabon wasan ya zo na ƙarshe, sau 6 zuwa 8, lokacin da 'yan kallo sun riga sun yarda da ku kuma marubuci ya sami wata tara yana gyara. In da yamma kuke haɗuwa, ku ɗauki barkwancin da tsohon wasan da ƙaramin, sabon kuma a tsaya a karanta shi gaban jama'a a bana, a nuna shi baɗi.

Ku kuma ajiye wasa ɗaya a aljihu wanda ba ya cikin sanarwa: gajere, na mutum biyu ko uku, wanda ba ya buƙatar izinin kowa, kayansa duka suna shiga akwati ɗaya. A riƙa maimaita shi sau ɗaya a wata don kada haddar ta gudu. Ranar da izinin wani wasa ya maƙale, ko babban ɗan wasa ya karye a ƙafa saura kwana goma a buɗe, shi za a ciro, a kira waɗanda suka sayi tikiti tun kafin su ji a bakin wasu, a ba su zaɓi tsakanin wannan wasan na aljihu da karɓar kuɗinsu.